Kujera biyar, mu goma sha huɗu

A ƙarshen watan Mayun 2025 ƙanena da ke kasuwanci a Lome ya turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na gidanmu. Mota ce ja, tana sheƙi, tana hawa wani tudu a ƙasar da ba ta san ƙura ba. A ƙasan bidiyon ya rubuta: "Yaya Mushe, ga sabuwar RAV4 da Toyota ta nuna wa duniya makon nan. Ka duba mana. Irin wannan ce ta dace da Inna." Ni ne na yi boko mai ɗan nisa a gidan, saboda haka duk abin da ya zo da rubutu ni ake miƙa wa, daga takardar asibiti har ta gona. Mota kuwa ban taɓa mallaka ba. Shekara 19 ina koyarwa, a kan babur na yi su kaf. Amma tun da an ce in duba, sai na duba, dubawar kuma ta ci mini wata shida.

Ba son a sani ne ya kawo maganar mota gidanmu ba. Inna tana zaune a ƙauyenmu na asali, arewa da Gazawa, kilomita 14 daga kwalta. Tana da hawan jini da ciwon sukari. A daminar da ta gabaci wannan bidiyo, cikin watan Agusta, jininta ya hau da tsakar dare har bakinta ya fara karkacewa. Ba ta iya zama a kan babur. Aka tashi maƙwabci ya ɗaura shanu, aka shimfiɗa katifa a amalanke, ƙaninmu na gida yana gaba da tocila. Sun yi kusan awa uku kafin su taka kwalta, suka kuma zauna bakin hanya har asuba suna jiran motar da za ta tsaya. Allah ya sa da sauran kwana. Likita ya ce daga yanzu duk wata sai ta je Maraɗi an duba ta.

Ni ina koyarwa a yankin Agye, yayarmu tana aure a Gidan Rumji. Garuruwan nan uku, Gazawa da Agye da Gidan Rumji, duk hanya ɗaya ta ratsa su, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. In da mota, gidanmu guda ne. In babu, labarin rashin lafiyar uwarka sai ya kwana kafin ka iso. Muka yanke shawara mu biyar mu yi karo-karo har kaka, muna sa ran haɗa miliyan shida na sefa, mu sayi mota ɗaya ta gida.

Ga abin da na gano game da motar bidiyon. Toyota ta fara yin RAV4 a 1994, 'yar ƙarama mai ƙofa uku. Wannan ta 2025 ita ce ƙira ta shida. Tsawonta kamar mita huɗu da rabi da ɗan ɗori, kujera biyar, gindinta a ɗage daga ƙasa, abin da mu nan muke kira kat-kat ko da ba kowace ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Babban sauyin da aka yi mata yana ƙarƙashin murfi. A Amurka da Turai an daina sayar da mai shan fetur zalla. Kowace tana da injin fetur haɗe da injin lantarki da babban batir. Wata tana cika batirinta da kanta yayin tafiya, musamman lokacin da aka taka birki. Wata kuma jona ta ake yi da wutar gida kamar waya, kamfanin ya ce a ma'aunin Japan tana iya kaiwa kilomita 150 ba ta sha ɗigon mai ba. An kafa mata babban allo a tsakiya, ayyuka da dama da a dā maɓalli ke yi sun koma cikinsa, ana kuma sabunta manhajarta ta intanet. Kuɗinta a Amurka ya haura dala dubu 30, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma wannan kafin jirgin ruwa da duwan su karɓi nasu.

Daga nan na san zancen sayenta ya mutu. Ko mun sayar da gonar gado ba za mu kai ba. Amma ban rufe littafin ba, saboda wani dalili da nake so iyaye da malamai 'yan'uwana su lura da shi. Mu ba ma sayen sabuwar mota, gadonta muke yi. Motocin da ke cike da titunan Maraɗi yau, yawancinsu wani Bature ne ya zaɓe su sababbi shekara goma sha biyar da suka wuce, ya more su, ya saki. Duk abin da aka sauya wa mota a Japan bana, shi za mu tarar a kasuwar motoci ta Maraɗi lokacin da 'yan ajina na yanzu suka zama magidanta. Ba wanda ya tambaye mu, amma mu za mu zauna da ita a ƙarshe, kuma mu za mu daɗe da ita fiye da mai ita na fari.

Da na faɗa wa ƙanena farashin, bai karaya ba. Ya ce to a nemi yayarta, ƙira ta biyar, wadda ta shiga kasuwa wajen 2019, ita ma akwai mai haɗin fetur da batir. Zai ci bashi ya cika. Ni kuma idona yana kan ƙira ta uku, ta tsakanin 2006 da 2012, mai taya rataye a ƙofar baya, wadda kowa ya sani. Gardamar gidanmu ta koma tsakanin waɗannan biyu.

Gani ya kori ji. Akwai wani Alhaji mai fataucin aya a Cadawa, na koyar da 'ya'yansa uku, yana da irin wadda ƙanena ke so. Na je na gaishe shi na faɗi buƙatata, ban rufe baki ba ya ce ranar asibitin Inna in zo in ɗauki motar da direbanta. Allah ya saka masa. Na tafi da littafi da biro, na ja layuka, niyyata in ba ta maki bisa ashirin kamar yadda muke yi wa yara.

Gaskiya ɗaya ce, motar ta yi. Da direban ya tayar da ita ban san ta tashi ba, sai da na ga katangar gidan tana wucewa. A cikin gari shiru take tafiya da wutar batir, har wata akuya ta ƙi matsawa don ba ta ji komai ba. A kan kwalta ba jijjiga, ba ƙugi. Da muka sauka kan yashi bayan Gazawa na zuba ido in ga inda za ta kafe, ba ta kafe ba. Direban ya bayyana mini cewa ƙafafunta na baya wani injin lantarki ne daban ke juya su, ba sandar ƙarfe da ta taso daga gaba, kuma da zarar na gaba sun fara sulɓi sai na baya su kama. Inna, wadda ko a motar haya ba ta runtsawa don tsoro, ta yi barci tun daga Agye har muka shiga Maraɗi. Da ta farka ta ce, "Har mun zo?" Wannan kalma ta kusa sa in kira ƙanena in ce ya ci bashin.

Yayin da muke jiran Inna a ƙofar asibiti na ce wa direban ya nuna mini safaya. Ya buɗe baya, ya fitar da buhun gero da muka ɗauko wa yayarmu, da jarkar ruwa, da tabarma, da jakar Inna, sannan ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Can ƙarƙashi take kwance, siririya, ba ta kai 'yan'uwanta kauri ba, an rubuta mata iyakar gudun da za a yi da ita. Tun ƙira ta huɗu, wajen 2013, aka cire tayar daga ƙofar baya aka ɓoye ta ciki. Wasu da ake sayarwa a Turai ma ba su da ita sam, sai gwangwanin gam da ɗan famfo. A can da hujjarsu: faci ba ya yawa, in ya faru kuma waya ɗaya za ka buga a zo a ɗauke ka. Mu kuwa hanyarmu ƙayar aduwa ce da kututturen kara, mai faci mafi kusa yana iya zama tafiyar awa biyu a ƙafa. Haka nan ƙafafun. Sababbin suna zuwa da manyan ƙarafa, masu tsadar cikinsu har inci 20, robar kuma siririya. Kyau a ido. Amma duk wanda ya taɓa bin jigawa ya san dabarar yashi ita ce a rage iska taya ta baje, taya mai siririn gefe kuma ba ta da abin bajewa, ga ramin burji da ke jiran ya lanƙwasa ƙarfen.

Ya kuma nuna mini wata 'yar taga mai raga a gindin kujerar baya. Ta nan batirin ke shan iska ya huce, don a ƙarƙashin kujerar yake. Ya ce Alhaji ya gargaɗe shi kada ya bari buhu ko zanen mata ya toshe ta, kuma lokacin hunturu yana yawan cire ragar ya kakkaɓe. Na tuna ƙurar watan Janairu da ke sa in share tebur sau uku kafin tashi, na tuna zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Batir ba ya son zafi, wannan ko mai waya ya sani. Na rubuta a littafina.

Akwai kuma idanun motar. Kyamara ce a bayan gilashin gaba da wata na'ura a hancinta, suna duba hanya. In ka kauce daga layinka ta yi ƙara ta ɗan murɗa sitiyari, in mutum ya faɗo gabanka ta taka birki da kanta. Na biyun abu ne mai kyau ƙwarai, ni da na ga yadda yara ke tsallaka kwalta a gaban makarantu ba zan raina shi ba. Na farkon kuwa farin fenti yake bi, hanyar ƙauyenmu kuma layinta sawun amalanke ne. Sannan in dutse ya fasa gilashin gaba, sauya gilashi kaɗai bai wadatar ba, sai an sake saita kyamarar da na'ura.

Da wannan na je wurin bakaniken da nake kai wa babur a Agye. Dattijo ne, gyaran mota ne asalin aikinsa, a Maraɗi da Katsina ya koya. Na nuna masa bidiyon ƙanena. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar.

"Mushe, mi kake so in ce? Mota ta yi kyau."

"Baba, in ta lalace fa?"

"In ta lalace sai ka kai ta inda aka haife ta."

Ya ce shi da kunne yake gyara. In injin ya yi tari ya san inda ke masa ciwo. Amma mai batir, akwai wayoyi masu launin lemu a cikinta da ba ya taɓawa, don wutar da ke bin su ta fi ta soket ɗin gida ƙarfi, kuma ya fi son ya ga jikokinsa. Ya nuna mini wata farar mota ta wani kamfani daban a ƙarƙashin dogon yaro, ƙura ta rufe ta, kaji sun mayar da gindinta wurin hutu. Wata biyu ke nan tana jiran wani abu da bai kai kwalin ashana ba, an aika Kano babu, an aika Yamai an turo wanda bai dace ba. Mai ita yana hawa kabu-kabu. Game da tsohuwar ƙirar da nake so kuwa ya ce, "Wagga ko cikin dare ka kira ni. Kayanta na Maraɗi, in babu a Maraɗi kafin la'asar an kawo daga Katsina."

Kada in zalunci motar. Masu haɗin fetur da batir ba ragwaye ba ne. Toyota tana yin su tun 1997 da ta fitar da Prius, a biranen Turai kuma masu tasi sun daɗe suna zaɓensu saboda juriya. Ba yawan lalacewa ne matsalarsu ba. Matsalar ita ce ranar da abin ya faru, kilomita nawa ne tsakaninka da wanda ya san kanta.

A garejin nan na ga abin da ya fi motar tsaya mini a rai. Muna cikin magana aka kawo wata mota da wuta ta kunnu a gaban direba. Dattijon bai buɗe murfi ba, sai ya ƙwala wa wani yaro kira. Yaron ya fito daga ƙarƙashin wata mota, baƙin mai har goshi, ya ce "Ina kwana, Mushe," sai na gane shi. Ɗalibina ne, ya gama aji shida bai samu wucewa kwaleji ba, na ma ɗauka ya tafi ci-rani. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya soka a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe wayarsa, ya karanta lambar da ta fito da bayaninta da Faransanci, ya ce wa maigidansa na'urar auna iskar da ke shiga inji ce ta yi datti. Motocin Amurka duk suna da wannan rami tun 1996. Dattijon da ya shekara arba'in yana gyara ya tsaya yana sauraron yaron da ban taɓa ba wa fiye da tara bisa ashirin a karatu ba.

Na koma gida ina jin kunya da daɗi a haɗe. Sau nawa muke cewa yaro "ba shi da kan boko, a kai shi gareji," kamar gareji wurin da ba a buƙatar karatu ne? Garejin da muka sani yana ƙarewa. Wanda ke zuwa, yaron da ba ya iya karanta jimla ya fahimce ta zai tsaya a wankin ƙarfe da miƙo sifana, wanda ya iya kuma shi za a riƙa kira. Ɗan karatun da yaron nan ya tsira da shi daga ajina, wanda ni na raina, shi ne jarinsa yau. Tun ranar na sauya yadda nake kallon layin baya na ajina. Na kuma fara kawo musu takardun bayanin na'urori, na injin ban-ruwa, na fitilar sola, muna karantawa tare, suna kuma kama su da sauri fiye da labaran littafin karatu.

Mu koma kan kuɗi, inda ƙanena ya fi ƙarfi. Hujjarsa ita ce mai. Sabuwar tana shan kamar lita shida a kilomita ɗari, tsohuwar kusan goma. Wannan gaskiya ne. Sai na yi abin da na iya, na ɗauki alli. A lokacin litar fetur a gidan mai 499 take tun watan Yulin 2024, mu ce 500. Daga Agye zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Tsohuwar za ta sha na jaka takwas, sabuwar na jaka biyar. In muka yi kilomita dubu goma a shekara, abin da ma da wuya mu kai, ribar lita 400 ce, wato jaka 200. Dillalan da muka tambaya sun sa tazarar kusan miliyan takwas tsakanin motocin biyu. Miliyan takwas a raba da jaka 200, shekara arba'in. Na tura masa hoton allon. Ya turo fuskar dariya, ya ce Yaya ka mayar da ni ɗan aji huɗu. Ban ma sa kuɗin ruwan bashin ba, ban sa kuɗin batir ba in ya gaji. Kuma irin wannan mota a cunkoson birni take nuna gwanintarta, inda ake tsayawa ana tashi, ba a doguwar hanyar da babu kowa ba.

Abu ɗaya na ba shi gaskiya a kai. A watan Maris na 2025, da fetur ya yi ƙaranci a ƙasar nan, mutane suna kwana a layi duk da matatar SORAZ da ke Damagaram, mai motar da ke shan rabin na wasu ya fi kowa sakewa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan bumburutun da muka saba dogara da shi a bakin hanya ya daina zama mafita mai araha.

Mai jonawa da wutar gida kuwa, dariya kawai na yi. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, babban layinta daga Katsina ya taso, a nan Gazawa tasharsa take. Muna kallon turakunsa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki da takunkumin da ya biyo baya, aka yanke ta daga can, ba ta dawo ba sai cikin Maris na 2024. Ƙauyen Inna kuwa ko a lokacin lafiya waya ba ta kai ba, a shagon mai sola ake cajin salula. Ina za a jona mota?

Har nan ina cin gardama, ina jin daɗin kaina. Sai yayarmu ta yi tambayar da ta rushe mini layukan littafina. Ta ce, "To ni duk ban gane wannan ba. Mutum nawa take ɗauka?" Na ce biyar. Ta ce, "Biyar manya, yara fa?" Na ce biyar, har da direba, har da yara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai da iyalinka kaɗai ku nawa ne?" Mu tara ne. In aka haɗa da Inna da mutanen gidan ƙauye da za su so zuwa suna ko biki, mu goma sha huɗu.

Turawa suna kiranta motar iyali, iyalin da suke nufi kuma uba ne da uwa da yara biyu, wataƙila da kare a baya. A jiharmu, inda gida mai yara bakwai ba abin mamaki ba ne, kowa ya san yadda ake yi. Uku a gaba, biyar a tsakiya, ƙanana a kan cinya, sauran a zuba su a but su zauna kan kaya suna leƙe ta gilashin baya suna ɗaga wa mutane hannu. Na sha gani, na sha yin murmushi. Ni ma da an ba ni mota kafin wannan bincike haka zan yi.

Amma wata shidan nan da na yi ina karatun mota sun nuna mini inda mafi yawan aikin masu ƙira ya tafi. Ba a allo ba ne, ba a fitilu ba. A kan kare mutum biyar ne, kowa a kujerarsa, kowa da bel. An yi gaba da bayan motar su lotse su shanye bugu don ɗakin tsakiya ya tsira. Wato but ɗin da muke zuba yara, shi ne wurin da aka tsara ya murƙushe. Jakar iskar da ke gaban kujerar mai zaman banza tana fashewa da ƙarfin da aka auna wa babban mutum mai ɗaure da bel, yaron da ke kan cinyar uwarsa kuma shi ne a bakinta. Na yi wa 'yan ajina lissafin a allo: karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, kamar daga ƙololuwar babban gawo. Na tambaye su wace uwa ce za ta iya riƙe ɗanta a hannu in suka faɗo daga can. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. Shekarun baya ina da wata ɗaliba a aji biyar, mai kyan rubutu, ita nake sa wa ta rubuta kwanan wata a allo. Sun tafi biki, tana cikin yaran da aka sa a baya. Motarsu ta rage gudu saboda rami, babbar mota ta taho ta bayansu. Manyan da ke kujeru sun fito da ƙujewa. Ita ta rayu, amma ba ta sake takawa ba, ba ta kuma dawo makaranta ba. A lokacin duk mun ce ƙaddara, kuma ƙaddara ce. Sai yanzu na fahimci cewa wurin da aka zaunar da ita ma yana cikin abin da za a tambaye mu.

Ƙanena ya ce a nemi tsohuwar ƙirar mai kujera bakwai, don akwai su cikin waɗanda aka sayar a Amurka. Na ga ɗaya a Maraɗi. Kujeru biyun na ƙarshe ƙanana ne, suna da bel, sun fi zama kan buhu nesa ba kusa ba, amma suna dab da ƙofar baya, in an buɗe su kuma wurin kaya ya tafi. Wadda na gani ɗin ƙarƙashinta duk tsatsa ne, alamar ta fito daga ƙasar da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Baba bakanike ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai. Mota ta yi tsada tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, waɗanda a dā ke shigowa daga Kwatano a lokacin sai sun zagayo ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja, saboda haka dillali ba ya rasa mai saye, ba ya kuma rage maka don tsatsa.

A watan Nuwamba, bayan an sayar da wake da aya, muka sayi ta 2011, mai kujera biyar, ruwan toka, tayarta a ƙofar baya. Baba ya shiga ƙarƙashinta, yaronsa ya soka na'urarsa ya karanta, su biyun suka yarda kafin mu biya. Ba ta da shirun ta Alhaji, tana shan mai kamar yadda na lissafa, kuma na san in aka yi mugun karo sabuwar ta fi ta kare rai. Wannan na ajiye shi a zuciyata, ban ɓoye wa 'yan'uwana ba. Kuɗinmu nan ya tsaya.

Sharaɗi ɗaya na kafa kafin in sa nawa kason: ba yaro a but, ba yaro a cinya a gaba, mutum biyar bel biyar. Aka ce to, don an ɗauka magana ce irin ta malamai.

A hutun Disamba aka yi suna a gidan yayarmu. Da safe na fito na tarar yara shida sun riga sun shige baya da kayan sallarsu, an ɗora musu kwanon cincin. Na ce su sauko. Ƙaramar ta fashe da kuka. Matar ƙanina ta ce a gaban kowa, "Yaya, motar Alhazai ma tana ɗaukar goma, tamu ce ta fi su daraja?" Uwargidana ba ta ce komai ba, wanda ya fi maganar zafi. Inna ce ta raba gardamar daga inda take zaune. Ta ce, "Ku bar shi. Shi ya karanta takardar."

Sawu biyu ƙaninmu ya yi tsakanin Gazawa da Gidan Rumji ranar, ya ƙona man da ya sa na kasa kallon allona na kwana biyu. Mu huɗu da muka rage muka bi motar haya, inda aka cusa mu shida a layin mutum huɗu, ɗan wata mata a kan cinyata har Cadawa. 'Yan sawu na biyu sun iso an riga an raɗa suna an ci tuwo. Har yau matar ƙanina gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Inna kuwa ƙorafinta ɗaya ne, motar ta yi mata tsawo, gwiwarta ba ta kai. Yanzu akwai 'yar kujerar tsugunno da ke zaune a but dindindin, kusa da jarkar ruwa da shebur. Ranar Talata mai zuwa ce ranar asibitinta, ni ne da tuƙi, karo na uku ke nan tun da na samu permi.